Ɗigo a Harshen Lauya

A gidan Injiniya ba a ajiye sukari. Ko baƙo ne kai aka kawo maka shayi, haka za ka sha shi salam, kana yamutsa fuska kana godiya. Dokar ta soma ne ranar da aka dawo da Baba daga asibiti da ƙafa ɗaya, ɗayar ciwon suga ya cinye ta daga yatsu har gwiwa. A ranar Injiniya ya shiga kicin ya ɗauko gwangwanin sukari ya juye a kwata, ya bi shi da bokitin ruwa. Daga nan ya zama ɗan sanda a cikin gidansu. Ya laluba ƙarƙashin matashin Baba, ya zazzage aljihunan rigunansa, ya leƙa har cikin takalmin ƙafar da aka yanke, don a nan tsohon ya fi ɓoye alawa.

"Wai kai ɗa na haifa ko ɗan kwastan?" in ji Baba duk ranar da aka kama shi.

"Ƙafa ɗaya ta rage, Baba. Ita nake gadi."

Injiniya ba injiniya ba ne, suna ne kawai ya bi shi. Wayoyi yake gyarawa a wani matsattsen shago bayan tashar mota, tsakanin mai faci da mai sayar da caja. Teburinsa bai fi faɗin tire ba: fitila mai lanƙwasa wuya, madubi mai ƙara girma, hantsaki, da ƙarfen narka dalma. Mutum ne mai gaggawa a komai, tafiya da sauri, cin abinci a tsaye, fushi kafin a gama magana. Amma da ya sunkuya a kan injin waya, hannunsa sai ya tsaya cak kamar ba jini a ciki. Masu gyara na wasu shaguna in aiki ya yi musu ƙanƙanta gare shi suke kawowa.

Cikin matarsa na wata bakwai jininta ya hau. Aka kwashe ta zuwa asibiti, aka yi mata aiki da gaggawa, aka ciro 'ya mace. Uwar aka kai ta hawa na sama, tana farkawa tana komawa, ba ta ma san inda take sosai ba. Jaririyar kuwa aka sa ta a kwalba a ɗakin bakwaini, can ƙarshen baranda a hawa na ƙasa. Injiniya ya zama ɗan hawa da sauka: ya leƙa uwa, ya sauko ga 'ya, ya ruga gida ya duba Baba, ya dawo.

Ɗakin bakwaini ba a shigarsa haka kawai. Sai ka cire agogo, ka naɗe hannun riga, ka wanke hannu har gwiwa, ka zura wata koriyar riga mai igiya ta baya. Ciki da ɗumi kamar bayan gidan burodi, na'urori na ta ƙyaf-ƙyaf suna ƙara ƙasa-ƙasa. Ranar farko da ya ga 'yarsa sai da ya sunkuya ya ƙura mata ido. Ƙafarta gaba ɗaya ba ta fi babban yatsansa ba. Fatarta ja, siririya, jijiyoyi a fili kamar wayoyin cikin caja. Amma bakinta ba ya mutuwa. Ko zanen da ke ƙarƙashinta aka ja, sai ta ɗaga hannu biyu ta yi ta gardama da wata 'yar murya kamar ta ɗan kyanwa. Shi ya sa nas-nas ɗin suka sa mata Lauya, shi kuma ya koma Baban Lauya.

Babbar nas ɗin ɗakin, wadda kowa ke kira Sista, mace ce mai jiki, da tabarau rataye a wuya. Ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. Wata safiya Injiniya ya shigo ya tarar za a ɗebi jinin Lauya a diddige don gwaji. Ya tsaya daga gefe. Ya ga Sista ta fasa kan wata 'yar roba mai kama da ta maganin ido, ta zura hannu ta tagar kwalbar, ta ɗiga wani abu a kan harshen yarinyar. Lauya ta motsa leɓe, ta lasa, ta yi lamo. Aka ɗan jira, aka soki diddigen, ta yamutsa fuska ta yi ɗan ƙorafi, shi ke nan.

"Ikon Allah," in ji Injiniya. "Sista, wane irin magani ne wannan mai saurin aiki haka?"

"Ba magani ba ne can. Ruwan sukari ne."

Ya ɗauka bai ji daidai ba. "Ruwan me?"

"Sukari. Muna ɗiga musu a harshe kafin a soke su, yana rage musu zafin."

Injiniya ya ƙura wa robar ido. Hoton da ya zo masa shi ne na zanen asibiti a shimfiɗe, shafe a inda ya kamata ƙafar Baba ta ɗago shi.

"Tun yaushe ake ba ta?"

"Tun da aka soma ɗibar jininta."

"Ba wanda ya tambaye ni!"

"Rage murya, Baban Lauya, akwai 'ya'yan mutane."

Ya rage, amma maganar ta fito da zafi ta tsakanin haƙora. Ya ce mata su gidan masu suga ne. Kakansa ita ta kashe shi, gwaggonsa ta makance, mahaifinsa ga shi can a keke. Yarinyar da ko nonon uwarta ba ta gama sani ba, a ce abin da za a fara koya wa harshenta shi ne abin da ya gama da danginta? Sista ta saurare shi har ya kai aya. Ta ce ɗigo ne kawai, ba ya kawo ciwon suga, ba kuma abinci ba ne. Ta ce aikinsa a harshe yake, ba a ciki ba. Injiniya bai ji ko rabi ba. Irin maganar ce Baba ke yi kullum: ɗan kaɗan ne, guda ɗaya ce, yau kawai.

"Kaɗan-kaɗan ɗin nan ne ya yanke ƙafa," ya ce. "Ban yarda ba. Kada a ƙara."

Sista ta ɗora tabarau a hanci ta dube shi ta cikinsa.

"Kai ne uba, uwar kuma ba ta cikin halin da za a tambaye ta. Ba zan ba ta a ɓoye ba, ba halina ba ne. Amma abu ɗaya. Duk lokacin da za a soke ta, ina so kana tsaye a nan."

"Zan tsaya."

Washegari ya tsaya. Sista ta yi duk abin da za ta iya: ta naɗe yarinyar a zane, ta ɗumama diddigen a tafin hannunta, ta sa mata abin tsotso. Da tsinin allurar ya shiga, Lauya ta tofar da abin tsotson, ta banƙare, ta buɗe baki. Kukan bai fito da farko ba, bakin kawai ya tsaya a buɗe, fuskar ta yi ja ta koma wani duhu-duhu, na'urar da ke kanta ta canza murya ta soma ihu. Sai da Sista ta yi ta shafa bayanta tana cewa, "Ja numfashi, Lauya, ja numfashi mana," sannan kukan ya ɓalle. Ta daɗe tana ajiyar zuciya bayan an gama.

Injiniya ya fita baranda ya jingina da bango. Kukan na nan a kunnensa. Amma ya gaya wa kansa zafin allura na ɗan lokaci ne, ciwon suga kuwa na har abada. Ya maimaita wa kansa haka a kan matakala, ya maimaita a cikin tasi, har maganar ta zauna.

Kwana biyu bayan haka gwajin ya nuna ƙwayar cuta ta shiga jinin Lauya. Likitan yara, wani saurayi siriri mai yawan goge gumi, ya ce an kama abin da wuri, maganin ma yana nan, amma ta jijiya ake ba da shi kuma ba ya son jinkiri. Matsalar ita ce robar ƙarin ruwan da ke hannunta ta toshe, sai an sa sabuwa.

Da hantsi aka gwada. Injiniya na tsaye kamar yadda ya yi alkawari. Likita ya haska hannun dama da 'yar fitila, ya sami jijiya siririya kamar zare. Yana sa allura Lauya ta fizge, jijiyar ta fashe, wurin ya kumbura ya yi shuɗi. Ya koma ƙafa. Nan ma ta harba, nas biyu na riƙe da ita amma kamar an riƙe kifi. Na'ura ta yi ta ihu. Likita ya cire safar hannu ya jefa a kwando.

"A bar ta ta huta, ta galabaita," ya ce. Ya juyo ga Injiniya. "Malam, gaskiya zan gaya maka. Jijiya mai kyau ɗaya nake gani yanzu, a bayan hannun hagu. Da la'asar zan sake gwadawa. In ita ma ta fashe, sai mu nemi wata hanya, kuma ta fi wannan wahala a gare ta. Maganin nan yau ya kamata ya shiga."

Sista ko kallon Injiniya ba ta yi ba. Gyara zanen yarinyar kawai take. Hakan ya fi masa zagi ciwo.

Injiniya ya hau sama ya leƙa matarsa. Barci take, leɓunanta a bushe. Ya tsaya a kanta kaɗan, ya sauko ya kama hanyar gida, don lokacin gwada sugan Baba ya yi, kuma tsohon ba ya yarda kowa ya soke shi sai shi.

Ya tarar da Baba a tsakar gida cikin kekensa, rediyo a cinya.

"Yaya amaryata?" in ji Baba. Haka yake kiran jikar tun ranar da aka haife ta, ko ganinta bai yi ba. "Ka gaya mata angonta na nan yana jira, kada ta ga ƙafa ɗaya ta raina ni."

Injiniya ya ɗauko 'yar jakar gwaji ya durƙusa. Ya kama yatsan Baba. Garin goge shi da auduga sai maganar ta kuɓuce masa, duk ya zayyana: ƙwayar cutar, jijiyoyin da suka fashe, wadda ta rage. Ya faɗi zancen sukarin ma, da yadda ya taka musu burki. Wannan ɓangaren da ɗan alfahari ya faɗe shi, yana jiran a ce ya kyauta.

Baba ya zare yatsansa.

"Maimaita. Me ka hana?"

"Sukari, Baba. Ɗiga mata suke a baki kamar..."

"Kuma in an ɗiga zafin na raguwa?"

"Haka suka ce. Na ma gani. Amma mu da muke da..."

"Kira tasi."

"Ban gwada ka ba tukuna."

"Na ce kira tasi, ɗan nan, kafin in rarrafa in tafi da kaina!"

Tun da aka yanke ƙafar Baba bai ƙara taka asibiti da son ransa ba, ko ranar ganin likita sai an yi rigima. Yau shi ne a gaban mota yana ce wa direba ya taka. Aka naɗe keken aka cusa a but ɗin motar.

Ba a barin kowa shiga ɗakin bakwaini sai uwa da uba, amma akwai babban gilashi ta baranda. Injiniya ya tura keken har jikinsa ya nuna masa kwalba ta biyu daga taga. Baba ya manna goshi da gilashin. Ya daɗe yana kallo. Daga nan ana hango filasta a hannun dama, filasta a ƙafa, da ƙirjin da ke hawa da sauka da sauri-sauri.

"Wannan 'yar abar ce kuke ta soka?" ya ce a hankali.

Ya juyo ya buɗe tafukan hannunsa biyu a gaban fuskar ɗansa. Kan kowane yatsa ya yi kanta, cike da ɗige-ɗige baƙaƙe.

"Dubi nan. Kullum sai ka soke ni, safe da rana. Na taɓa ce maka ba zafi? Shiru nake yi don ni babba ne, kuma na san dalili. Ina kallon bango ina salati har ka gama. Ita wa ya gaya mata dalili? Ita dai ta zo duniya ta tarar ana ta huda ta."

"Baba, gudun kada ta zama..."

"Kada ta zama ni. Faɗi mana, ba zan mutu ba." Ya buga hannun keken. "Ni shekara nawa na yi ina zuba cokali huɗu a kofi, ina korawa da lemo, likita na magana ina dariya? Ka hana ni, na yi ta masifa, amma a raina na san ka yi daidai. Ni na sha rabona har da na maƙwabta. Ita me ta sha?"

Sista ta fito a daidai lokacin, da alama hayaniyar ta jawo ta. Baba ya gyara hula.

"Ranki ya daɗe, ke ce mai sukarin?"

"Ni ce, Baba. Kai ne mai ƙafar da ake ta ba mu labari?"

"Saura dai. Don Allah nuna wa wannan ɗan kwastan abin da kuke ba ta. Ido yake ji da shi, ba kunne ba."

Sista ta koma ciki ta fito da 'yar robar, sabuwa a rufe. Ta ce ɗakin magani ke kawo ta a haka, an auna, an tsabtace, ba wanda ake damawa a kofi ba ne, kuma kada wanda ya je gida ya ce zai haɗa nasa. Ta ce ba a ba da shi don yaro na kuka ko don ya yi barci, sai in za a soke shi. Sannan ta fasa kan.

"Kawo bayan hannunka, Baban Lauya."

Ta matsa. Wani ɗan ɗigo ya sauka a fatarsa ya tsaya, yana ƙyalli a hasken baranda.

"Shi ke nan?" ya ce.

"Shi ke nan. In aikin ya yi tsawo a ƙara ɗaya. Zaƙin ne ke ɗauke mata hankali ya kwantar da jikinta. Ba ya kashe zafin duka, ba zan yi maka ƙarya ba, amma ka ga bambancin da idonka. Ciwon gidanku kuwa, in zai zo, ba wannan ne zai kira shi ba, hana shi kuma ba zai kore shi ba. Wannan yaƙin na gaba ne, ku yi shi a kicin ɗinku."

Injiniya ya ɗaga hannun kusa da idonsa, yadda yake yi wa injin waya. A ransa duk kwanakin nan cokali yake gani, gwangwani yake gani, farin sukari na zuba. Abin da ke bayan hannunsa bai kai ƙwayar dalmar da yake ɗorawa a ƙafar cajin waya ba. Shi kuwa ya fi kowa sanin dalma. In ta yi yawa ta malale ta haɗa layin da bai kamata ba, ta ƙone injin ƙurmus, ya sha gani a wayoyin da 'yan koyo suka ɓata. Amma bai taɓa jin mai gyaran da ya ce don haka ya daina taɓa dalma ba. In ba da ita ba, waya ba ta tashi.

Ya lashe ɗigon. Rabonsa da zaƙi tun ranar da ya juye sukari a kwata. Har cikin kunnensa ya ji shi.

"Sista," ya ce, "a ba ta."

"Kai za ka ba ta."

"Ni?"

"An ce hannunka ba ya rawa. Ni ina da aikin riƙe fitila. Je ka wanke hannu."

Da la'asar likita ya dawo. Aka buɗe tagogin kwalbar. Sista ta gwada wa Injiniya wurin: gaban harshe, can kan tsinin, ba cikin maƙogwaro ba. Ya karɓi robar kamar yadda yake karɓar hantsaki, ya kafa gefen hannunsa a bakin tagar, ya riƙe numfashi. Lauya na kwance a galabaice, ido a rufe, baki a ɗan buɗe. Ya taɓa leɓenta na ƙasa, harshen ya leƙo, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar kankana. Ya matsa. Ɗigon ya sauka daidai inda aka ce.

"Kai, ka ga aiki," in ji ƙaramar nas ɗin da ke gefe. "Sista, a ɗauke shi aiki mana."

Lauya ta tsaya cak. Ta haɗe gira kamar mai nazarin wata hujja. Sai leɓen ya soma motsi, tsut, tsut. Sista ta sa mata abin tsotso, ta kama shi da ƙarfin da ba wanda ya zaci tana da shi.

Likita ya miƙa hannu ga allura.

"Dakata, likita," in ji Sista. "A ba shi minti biyunsa."

Jiran ya yi wa Injiniya tsawo kamar wuni. Sista ta kama hannayensa ta jera su: ɗaya ya tallafe kan yarinyar, ɗaya ya tattaro ƙafafunta zuwa ciki, yadda take kwance a cikin uwarta. Duk jikinta ya shige tafukansa. Yana jin bugun zuciyarta a yatsunsa. Ta gilashi ya hango Baba ya ɗaga hannu biyu sama, leɓunansa na motsi.

"Bismillah," in ji likita.

Fitila ta haska bayan hannun hagu, jijiyar ta fito, siririya, shuɗiya. Allura ta taɓa fata. Lauya ta yamutsa fuska, ta saki ƙara ɗaya, jikinta ya ɗan ƙanƙame a hannun ubanta. Injiniya ya dubi Sista.

"Ƙara ɗaya," in ji Sista.

Ya zare hannu ɗaya, ya ɗiga a gefen abin tsotson, ya mayar. Lauya ta yi kamar za ta ci gaba da shari'a, sai ta fasa. Tsut, tsut, tsut. Hannun hagun ya tsaya a inda yake. Na'ura ta ci gaba da ƙararta ta kullum, ba ta canza murya ba.

Wani ɗan jan abu ya bayyana a gindin allurar.

"Na samu," in ji likita, kamar mai tsoron kada jijiyar ta ji. Ya tura robar a hankali, ya zare ƙarfen, ya gwada da ruwa. Ruwan ya wuce sumul, ba kumburi. "Ta zauna. Filasta, Sista. A kawo maganin."

Injiniya bai san hawaye yake ba sai da ƙaramar nas ta goge masa fuska da auduga, don hannayensa na cikin kwalba kuma ya ƙi cire su. Daga baranda aka ji ana dukan ƙarfe. Baba ne ke buga hannun kekensa kamar ganga, yana gaya wa duk mai wucewa, da masu shara da masu jinya, "Jikata ce! Ko gezau ba ta yi ba! Ɗana ne ya ɗiga, injiniya ne!"

Sista ta leƙa ta ƙofa. "Baba, asibiti ne fa."

"Na yi shiru, ranki ya daɗe. Amma ragowar robar nan fa? Kada a yi asara. Ni ma yau ba a soke ni ba tukuna."

"Kai naka harshen ya ƙoshi tun tuni," in ji Sista, ta jefa robar a kwando a gaban idonsa.

Maganin ya shiga a ranar, ya ci gaba da shiga har ya ƙare, kuma robar hannun hagun ba ta toshe ba. Zazzaɓin ya sauka. Duk ranar da za a ɗebi jini, in Injiniya na shago sai Sista ta kira shi, ya bar waya a buɗe a kan tebur ya ce wa mai ita ya dawo gobe. Da matarsa ta warware har aka sauko da ita a keke ta ɗora Lauya a ƙirji, nas-nas suka ba ta labari kaf, har da kwaikwayon muryarsa yana cewa ban yarda ba. Ta dube shi ta girgiza kai.

"Ni kam da na farka na tarar ka bar 'yata tana ihu a kan ɗigo ɗaya, da kai za a kwantar a gadon da na tashi."

"Ai ya wuce, Maman Lauya."

"Zai wuce dai, in na gama faɗa wa yayyenka."

Ranar da aka sallame su, Sista ta raka su har bakin baranda. Ta ja Injiniya gefe ta ce ya daina sokar Baba a tsakiyar yatsa, ya riƙa yi a gefe, kuma ya fara murza yatsan ya yi ɗumi. Ya ce ya ji.

Har yau ba a ajiye sukari a gidan, kuma har yau ana kama alawa a cikin takalmi. Da safe in Injiniya ya ɗauko jakar gwaji, Baba sai ya zaro harshe waje ya rufe ido.

"Ɗiga min nawa tukuna."

"Babu."

"To ba za a soke ni ba. Doka ce, a asibiti na gani."

Sai Injiniya ya ɗaga murya ya ce, "Maman Lauya, kawo ta." A kawo Lauya, wadda yanzu ta yi kumatu har wuyanta ya ɓace, a ɗora wa Baba a cinya. Ta kama gemunsa ta soma gardama, shi kuma ya biye mata, yana rantsuwa ba zai ƙara aure ba bayan ita. Injiniya ya murza yatsan, ya soka a gefe, ya ɗiga jinin a kan tsinken gwaji, ya duba, ya rufe jaka.

Can sai Baba ya miƙo hannu ba tare da ya ɗago ba.

"To yi maza ka soka mana, ka ga ina da baƙuwa."